BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: TARIHIN FITA NEMAN ILMI ƘASASHEN WAJE

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi daga ƙasar Daura, ya aiko da takarda yana cewa ɗansa ya gama sakandare, kuma wani dillali ya yi masa alkawarin samo wa yaron gurbin karatu a jami'ar ƙasar waje idan ya kawo kuɗi. Ya ce har ya fara tunanin sayar da gona ɗaya da shanun huɗa. Yana so a ba shi tarihin yadda mutanenmu suka fara fita karatu waje, da kuma irin shirin da ake yi kafin a tafi. Mun sami takardu masu kama da wannan daga Maraɗi da Gombe da Kwantagora.

AMSA: To malam, mun gode da wannan tambaya. Ka gyara zama, don tarihin yana da tsawo, kuma a cikinsa ne za ka ga amsar rabin tambayarka ta biyu.

ZAMANIN AYARI

Fita neman ilmi ba Turawa suka kawo mana ita ba. Tun kafin a san jirgi ko mota, almajiran ƙasar Hausa da Barno suna bin ayarin fatake da na alhazai, su ƙetare hamada zuwa Masar da Makka da Madina. Babbar makarantar da ake kwaɗayi ita ce Azhar ta birnin Alƙahira, wadda aka fara ginin masallacinta a shekarar 970.

Masanin tarihin Masar, Maƙrizi, ya rubuta cewa a wajajen 1240 zuwa 1250, watau zamanin Mai Dunama Dabalemi, mutanen Kanem sun ba wani alƙali mai suna Ibn Rashiƙ kuɗi ya gina masu makaranta a tsohon birnin Alƙahira. Nan matafiyansu da ɗalibansu ke sauka, kuma akan aiko da kuɗin riƙon makarantar daga gida. Daga baya a cikin Azhar kanta aka keɓe wa mutanen Barno sashen kwana da karatu na kansu. Ka lura da abin da waɗannan magabata suka yi. Sun tanadi masauki da abin da ɗalibi zai ci tun kafin ya iso, shekaru fiye da 750 da suka wuce.

Akwai kuma wani Bakatsine, Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, gwanin ilmin lissafi da taurari. Ya bar gida ya yi aikin haji, ya rubuta littafi kan lissafin hatimi a 1732, ya zauna a Alƙahira yana koyarwa har ya rasu a 1741 a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. Shi wannan malami sai da ya ƙoshi da karatu a hannun malaman ƙasarmu sannan ya fita, shi ya sa da ya isa Masar aka karɓe shi a matsayin malami. Haka kuma Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya je gabas ya ƙaro ilmi, Shehu kuma ya bi shi har Agadas don ya yi karatu a wurinsa.

A wancan zamani ba fasfo ba biza. Shirin tafiya shi ne izinin iyaye da na malami, guzuri, amintaccen madugu, da sana'ar hannu, kamar ɗinki ko rubutu, wadda mutum zai riƙa ci da ita a hanya. Tafiyar takan ɗauki shekaru, wasu ma ba su dawo ba. Hausawan da ke zaune a Sudan yau, da yawansu jikokin irin waɗannan matafiya ne.

ZAMANIN TURAWA

Da Turawa suka ci ƙasa, sai hanya ta canza. A Arewacin Nijeriya an buɗe Kwalejin Katsina a 1922 don horar da malaman makaranta, amma an daɗe ba a tura ɗalibanta ƙetare ba. Cikin 'yan Arewa na farko da suka yi karatun jami'a a Ingila akwai Dokta R.A.B. Dikko na Wusasa ta Zariya, wanda ya karanta aikin likita a Jami'ar Birmingham, ya zama likitan farko daga Arewa.

Sai a 1945, da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, aka zaɓi wasu malaman makaranta aka tura su sashen koyon aikin malanta na Jami'ar London. A cikinsu akwai Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Yahaya Gusau. A 1946 Malam Aminu Kano ya bi sahu. Tafiyar ba ta wasa ba ce. Mutum ya hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, sannan ya shiga jirgin ruwa ya yi kamar mako biyu a kan teku kafin ya sauka a Liverpool, ya tarar da sanyin da bai taɓa ji ba, ga abinci ana rabawa da kati saboda ƙarancin bayan yaƙi. Abin da suka gani a can ya buɗe masu ido. Malam Aminu ya dawo da tunanin kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa, Malam Abubakar kuwa ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957.

Masu karatun Larabci su ma sun sami tasu hanyar. An buɗe makarantar shari'a a Kano a 1934 da malamai 'yan Sudan. A wajajen 1954 aka tura wasu daga cikin waɗanda suka fito daga wannan makaranta zuwa Bakhtar Ruda, wata makarantar horar da malamai a gefen Farin Nilu a Sudan. Cikinsu akwai Malam Abubakar Mahmud Gumi da Malam Shehu Galadanci. Ɗaliban sun fi son Azhar, amma gwamnatin Turawa tana tsoron siyasar Masar ta lokacin, sai ta zaɓi Sudan inda take da iko. Ka ga ke nan tun farko mai biyan kuɗin karatu shi ke zaɓen inda za a je.

A ɓangaren Nijar, Faransawa suna kai zaɓaɓɓun yara makarantar William Ponty da ke Senegal. Can Boubou Hama da Diori Hamani da Djibo Bakary suka yi karatu. Wanda ya fi shahara a fagen kimiyya shi ne Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929. Ya yi karatu a Paris, ya ci babbar jarrabawar malanta ta Faransa a fannin kimiyya a 1956, sannan ya tafi Tarayyar Sobiyet ya ƙware kan amfani da hasken rana. Ya dawo gida ya shugabanci hukumar binciken hasken rana ta Nijar, ya kuma riƙe Jami'ar Yamai. Bayan rasuwarsa a 1991 aka sa wa jami'ar sunansa. Mutumin ya dubi ƙasarsa, ya ga abin da ta fi arziki da shi rana ce, sai ya karanto abin da zai yi aiki a gida.

BAYAN SAMUN 'YANCI

Daga 1960 ƙofofi suka buɗe ta ko'ina, domin manyan ƙasashe suna gasar neman abokai a Afirka. Ƙasashen rainon Ingila sun kafa shirin tallafin karatu na Commonwealth a 1959. Tarayyar Sobiyet ta buɗe wata jami'a a Masko a 1960 musamman don ɗaliban Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, wadda a 1961 aka sa mata sunan Patrice Lumumba. A can sai ɗalibi ya yi shekara guda cur yana koyon Rashanci kafin ya taɓa darasin likita ko injiniya. Saudiyya ta kafa Jami'ar Musulunci ta Madina a 1961, inda karatu kyauta ne, har da masauki da ɗan alawus. Malaman ƙasar Hausa da dama can suka yi karatu, ciki har da marigayi Shaihu Ja'afar Mahmud Adam.

A daidai wannan lokaci kuma jami'o'in gida suka fara tsayawa da ƙafarsu. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962, ta Yamai ta soma a 1971, Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar kuwa ta buɗe a 1986. Daga nan tsari mafi yawa ya zama mutum ya yi digirin farko a gida, in ya yi fice sai a tura shi waje ya yi na biyu da na uku.

Shekarun 1970 su ne na yalwa a Nijeriya. Kuɗin man fetur ya shigo, gwamnatin tarayya da jihohi suna ba da sukolashif, an kuma kafa asusun PTDF a 1973 don horar da ma'aikatan mai. A 1980 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba, wajen kwabo 55 take. Ɗan talaka daga ƙauye, in dai yana da ƙoƙari, yana iya tsintar kansa a Ingila ko Amurka ba tare da mahaifinsa ya sayar da ko akuya ba. Galibin labaran daɗin da kake ji game da karatun waje daga wannan zamani suka samo asali.

DA KUƊI YA JUYA BAYA

Abin bai ɗore ba. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta sa ɗaliban ƙetare su riƙa biyan cikakken kuɗin makaranta a Ingila. A 1986 Nijeriya ta shiga shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, har a 1993 dala ta kai kusan naira 22 a farashin gwamnati. Ɗalibai da yawa alawus ɗinsu ya yanke, wasu suka bar karatu suka shiga ƙwadago.

Irin wannan ya sake faruwa. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a banki. Da aka saki naira a watan Yuni na shekarar, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Yi lissafi irin na kasuwa. Alal misali idan kuɗin makarantar yaro dala 5,000 ne a shekara, uban da ya shirya naira miliyan 2 da dubu 300 sai ya wayi gari ana nemansa da miliyan 7 da rabi. A 2024 an sami ɗaliban Nijeriya a Ingila da aka dakatar da karatunsu saboda sun kasa cika kuɗi. Ita kanta gwamnati abin ya fi ƙarfinta. Shirin nan na musayar ɗalibai da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Aljeriya da Hangari, an rage alawus ɗinsa a 2024 bayan an yi watanni ba a biya ba, a 2025 kuma aka sanar da dakatar da shi. Akwai kuma ɗaliban da jihohinsu suka tura, suka gama karatu, amma jami'o'in suka riƙe takardun shaidarsu shekara da shekaru saboda bashin da suke bin jihar.

Bayan kuɗi akwai yaƙi da siyasa. Da yaƙi ya ɓarke a Yukiren ranar 24 ga Fabrairun 2022, dubban ɗaliban Nijeriya, akasari masu karatun likita, suka tsere zuwa iyakokin Folan da Romaniya da Hangari. A Sudan faɗa ya tashi ranar 15 ga Afrilun 2023, aka kwashe ɗalibai a manyan motoci, wasu suka yi kwanaki a iyakar Masar cikin hamada kafin a bar su su shiga. Yawancinsu 'ya'yan Arewa ne, maza da mata. A Nijar kuwa, bayan juyin mulkin Yulin 2023, Faransa ta daina ba da biza a Yamai, ɗaliban da suka riga suka sami gurbi suka rasa hanyar tafiya.

Sai kuma masifar takardun bogi. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu, ya fallasa yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba. A watan Janairun 2024 gwamnatin Nijeriya ta dakatar da tantance digirorin Jamhuriyar Benin da Togo, a watan Agusta na shekarar kuma ta ce jami'o'i takwas kacal ta amince da su a ƙasashen biyu. Iyayen da suka zuba dukiya a sauran makarantun sun tashi da takardar da ba ta da amfani.

SHIRIN DA YA KAMATA KA YI

To malam, in ka dubi wannan tarihi za ka ga waɗanda tafiya ta yi wa kyau sun tashi da abu huɗu a hannu: karatu mai ƙarfi daga gida, makarantar da aka san ta, mai ɗaukar nauyi har ƙarshe, da ilmin da zai yi amfani in an dawo. Ga yadda za ka auna naka.

Na farko, takardun yaro. A Nijeriya ana son sakamakon WAEC ko NECO mai kyau a darussa biyar, har da Turanci da lissafi. A Nijar kuwa sai da BAK. Ka duba sunan yaro da ranar haihuwarsa su zama iri ɗaya a takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, sakamakon jarrabawa da fasfo. Harafi ɗaya ya bambanta, ana iya mayar da shi. Ƙasashe da dama, musamman na Larabawa, suna so a kai takardun Ma'aikatar Ilmi da ta Harkokin Waje su buga hatimi.

Na biyu, makarantar. Kafin ka ba da ko sisi, a tambayi Ma'aikatar Ilmi ta tarayya a Abuja ko ta amince da jami'ar, domin ita ce za ta tantance digirin kafin yaro ya yi bautar ƙasa ko ya sami aikin gwamnati. Wanda ya karanto likita a waje sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta Nijeriya kafin ya taɓa majinyaci. Wanda ya karanto lauya sai ya yi ƙarin karatu a makarantar horar da lauyoyi. A nemi wani malamin jami'a ko na sakandare da ka yarda da shi ya rubuta wa jami'ar kai tsaye ta intanet, ya tabbatar takardar gurbin daga gare su ta fito. Kuɗin makaranta kuwa asusun jami'a ake turawa, a karɓi rasit. Duk dillalin da ya ce a zuba a asusunsa, ko ya ce yau ne kaɗai dama, ka riƙe aljihunka.

Na uku, harshe. Jami'o'in ƙasashen Turanci da yawa suna neman jarrabawar IELTS ko TOEFL. Azhar tana gwada Larabcin ɗalibi, in bai kai ba ta mayar da shi ajin share fage. A Rasha da Turkiyya da Sin akan yi shekarar koyon harshe. Ka sa wannan shekara a cikin lissafinka.

Na huɗu, kuɗi, kuma nan ne gizo ke saƙa. Ka lissafa na shekarun karatun duka, da kuɗin ƙasar da za a je: makaranta, haya, abinci, inshorar lafiya, kayan sanyi, tikitin zuwa da dawowa. Ingila tana so ta ga kuɗin sun kwana 28 a jere a asusun banki, tana kuma neman gwajin tarin fuka. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba su karɓar kuɗin makaranta, amma daga 2024 sai ɗalibi ya ajiye yuro 11,904 na cin abincin shekara a wani asusu na musamman. Kada wani ya ruɗe ka cewa yaro zai yi aiki ya biya wa kansa. A Ingila awa 20 a mako kawai aka yarda ɗalibin digiri ya yi aiki lokacin karatu, wasu ƙasashen ma sun hana gaba ɗaya. Dokokin biza kuma suna canzawa, saboda haka a tambayi ofishin jakadancin ƙasar a shekarar da za a tafi.

Na biyar, neman tallafi. Hukumar sukolashif ta jiharku, PTDF, Commonwealth, Chevening na Ingila, DAAD na Jamus, gwamnatin Turkiyya, jami'o'in Saudiyya, da hukumar ANAB a Nijar, duk hanyoyi ne da aka sani. Na ƙwarai ba sa sayar da gurbi. Sai dai ka sani yawancin na Turai na masu digiri na biyu ne, watau yaron da ya yi digirin farko a Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maraɗi ya fito da sakamako mai kyau ya fi kusa da samun su.

Na shida, shi yaron kansa, namiji ne ko mace. Ya iya dafa abinci da riƙon kuɗi? A samo lambar ƙungiyar ɗaliban ƙasarku a garin da za shi, a san wanda zai tarbe shi, ya yi rajista da ofishin jakadancin ƙasarsa da zarar ya sauka, a kuma ajiye kuɗin tikitin dawowa daban saboda ɓacin rana. Waɗanda suka fito daga Hartum a 2023 sun san amfanin wannan. Kada a manta da katin rigakafin shawara.

Game da gona da shanu, shawara taka ce, amma ka auna da kyau. Gona kan ciyar da gida kowace shekara, kuɗinta kuwa in an sayar wataƙila shekara ɗaya ko biyu za su biya daga cikin huɗu ko shida. Yaron da kuɗi ya yanke masa a aji biyu zai dawo ba digiri, ya tarar ba gona. In lissafi bai kai ƙarshen karatu ba, gara ya fara a gida, ya yi ƙoƙari, ya nemi tallafi daga baya. Hanyar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Gumi suka bi ke nan, dukansu sai da suka yi karatu suka koyar a gida kafin su ƙetare. Shirin kuma akan fara shi shekara guda kafin ranar tashi.

 Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba su ilmi mai amfani.